Wanda Ya Naɗe Mana Igiya

Minti arba'in ni da kawuna Porfirio muka yi muna nutso cikin kogon ruwan da ke ƙarƙashin gonarmu a yankin Yukatan, tukwanen iskar numfashi a bayanmu, muna shimfiɗa igiyar da za ta mayar da mu waje. Da muka juyo, babu igiya.

Muka taso a wani lungu inda ruwa bai kai rufin kogon ba. Na tofar da bututun numfashi, na juya wajen kawu a fusace.

"Kawu, wane irin ƙulli ka yi? Iskata ta kusa rabi, 'ya'yana biyu suna jira a gida!"

"Rufe mini baki, Eusebio. Tun kana rarrafe nake ƙulla igiya."

Nan fitilata ta haska wani dattijo zaune kan dutse, yana naɗe igiyarmu a hannunsa a hankali, kamar mai kwashe shanya.

Na daka masa tsawa: "Baba, kashe mu za ka yi? Ba ni igiyata!"

Ya amsa da harshen Maya, yaren kakanninmu: "Kun cika surutu a gidan mutane."

Muryata ta yi amsa-kuwwa a bangon kogon, tasa ba ta yi ba. Na yi iyo na cim masa, na shaƙi wuyan rigarsa zan fizgo shi ruwa. Kawu ya riƙe ƙafata, ya ce ƙasa-ƙasa, "Sake shi, ɗana."

Hanyar shiga wurin ɗaya ce, ta ƙarƙashin ruwa. Amma rigar da ke hannuna a bushe take ƙamas, da ɗumin rana a jikinta.