Layin da Bai Karkace Ba

Da Kofur ya ce an kawo rahoton haɗarin mota har da karaya, Sufeto ya miƙe yana laluben makullinsa, yana tambayar lambar motar. Kofur ya sunkuya ya ɗauko motar, ya ɗora a kan tebur. Tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba, bambarta ta tsage, tana warin mai.

Dama Sufeto mutum ne da kujera ba ta karɓe shi ba, ko shayi a tsaye yake sha. Ya fara zagaya teburin yana kaɗa makulli, Kofur yana bin sa da bayani. A bayan tsohuwar ma'ajiyar siminti akwai wani fili inda manyan mutane, masu furfura da tumbi, suke taruwa duk Asabar suna tseren motocin rimot, irin masu ƙaramin inji mai shan man nitro. Yau ɗaya ta ƙwace, ta tsallake shingen tayoyi, ta daki ƙwaurin mai gadin filin. Yana asibiti an yi masa ɗori.

Mai motar yana zaune a benci tare da 'yarsa. Tsohon direban tirela ne, shekara talatin da huɗu a kan hanya bai taɓa buge ko kaza ba. Bara shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi, ta tafi ta bar masa hannun dama yana rawa. Tun da aka karɓe lasisinsa, wannan 'yar motar kaɗai ta rage masa da zai tuƙa.

"Na saki kunamar rimot ɗin, Yallaɓai," in ji shi. "Na saki, na ba ta birki. Ba ta ji ni ba."

"Baba, don Allah ka bari," in ji 'yar, idonta jawur. Ta juya ga Sufeto ta ce hannun ne, kowa ya gani, kuma ita ta gaji. Daga yau za ta kulle motar da rimot ɗin a akwati. Shugaban masu tseren ma ya aiko cewa kada ya sake taka filin.

Tsohon ya danne hannun daman da na hagu a kan cinyarsa, kamar mai ɓoye abin kunya. Wannan ne ya tsaya wa Sufeto a rai. Ogan ofishin ya leƙo ya ce a rubuta sakaci a rufe fayil kafin a tashi, amma Sufeto ya riga ya saɓa motar a hammata ya yi waje.

Shagon da aka saye ta ƙarami ne, tayoyi da galan-galan na mai har rufi. Mai shagon ya rantse tun ranar da ya sayar da ita bai ƙara ganinta ba. Sufeto ya nuna masa tambarin shagonsa a jikin sabuwar matatar iska, ya tambaye shi ko ita ma da ƙafarta ta je. Nan bakinsa ya buɗe.

Ya ce wata biyar da suka wuce direban ya zo da ƙaninsa, mai gyaran agogo, wanda ya daɗe a harkar. Ƙanin ne ya zaɓa masa ita: wadda ake tayarwa da igiya, mai jure karo, wadda ba a wahalar samun kayan gyaranta. Shi ya koya masa horar da sabon inji a hankali, tanki biyar ba gudu. Daga nan tsohon ya riƙa zuwa shi kaɗai, yau tayoyi, gobe matata, jibi batir mai caji. Ya ce bai taɓa ganin ɗan koyo mai kunnen inji irinsa ba.

Yana magana yana kwance motar. Can ya tsaya.

"Sifirin ɗin totur ba ya nan."

"Mene ne aikinsa?"

"In batir ya mutu tana cikin gudu, rimot ba ya da iko da ita, Yallaɓai. Sifirin ɗin ne ke janyo totur ya rufe. In babu shi, sai abin da ta daka."

Mai shagon zai sa sukurudireba a akwatin batir, Sufeto ya riƙe hannunsa, don ya lura da wani jan layi a kan kowane noti. Ya ɗauki hoto tukuna, sannan ya bari aka buɗe. Mai shagon ya juya batir ɗin, ya taɓe baki. Ba shi ya sayar ba. Wannan tsohon batir ne da ya gama aiki, irin wanda zai nuna ya cika, minti uku ya kwanta.

A asibiti mai gadi yana kwance da ƙafa a rataye, yana mita. Ya ce shi fa aikinsa ƙofa ne, ba ruwansa da tsayawa a kwana. Duk Asabar mai agogo ne ke tsayawa a wurin, yana ɗaga wa yayansa mota in ta kife. Yau kawai ya ce bayansa na ciwo, ya roƙe shi ya tsaya masa.

Sufeto ya fito yana kaɗa makulli da ƙarfi har wata nas ta harare shi. Ciwon baya ba laifi ba ne, ya sani. Ya duba agogo, saura awa biyu a tashi, ya ce wa Kofur ya ƙara wa motarsu wuta.

Ya tarar da uba da 'ya inda ya bar su. Ya ajiye motar a gaban tsohon, ya tambayi ma'anar jan layin. A karo na farko fuskar direban ta saki. Ya ce tsohuwar ɗabi'a ce ta hanya: in ka ɗaure notin tayar tirela, sai ka ja masa layi da fenti har jikin ƙarfe, in ya motsa ka gani da ido. Da ya rasa fenti mai siririn buroshi, sai ya ƙwace jan farcen 'yarsa. Akwatin batir kuwa bai buɗe shi ba tun wata biyu, ta waje yake caji.

Sufeto ya kirga. Noti ashirin da shida, kowane layi a karkace yake, wani ya yi ƙugiya, wani ya malala gefe. Sai guda huɗu na akwatin batir a cikin hoton, miƙaƙƙu sambal kamar an sa rula.

Ya miƙa wa tsohon biro da takarda ya ce ya ja masa layi ɗaya. Tsohon ya ciji leɓe, ya yi iya ƙoƙarinsa, layin ya fito yana tangaɗi. Kunya ta kama shi, ya fara ba da haƙuri.

"Kada ka ba ni haƙuri, Baba," in ji Sufeto. "Yau ban ga shaida mai kyan wannan ba. A ina motar ta kwana jiya?"

'Yar ce ta amsa, a hankali. Ta ce baffanta mai agogo ya karɓe ta da la'asar, wai zai duba mata giya.

Shagon agogon bai fi ɗakin wanka girma ba, agogo ashirin suna bugawa, kowane da nasa lokacin. Mai agogo yana sunkuye da gilashi a ido ɗaya, hantsaki a hannunsa ko gezau ba ya yi. Ya ce giya kawai ya duba, bai taɓa batir ba. Ya ƙara da cewa ya daɗe yana gargaɗin iyalin a kan hannun nan, ba a ji ba.

Sufeto bai zauna ba, dama babu wurin zama. Ya ɗauko motar mai agogon daga kan kanta, ya ce a buɗe akwatin batir ɗinta. Mutumin ya ce ba ya ganin amfanin haka. Kofur ya buɗe. Sabon batir ne, a gefensa ga jan layi ya yi ƙugiya, irin na hannun direban. A cikin aljihun tebur, tsakanin ƙananan notina, ga kwalbar jan farce da ɗan sifirin kwance kusa da ita.

Mai agogo ya cire gilashin, ya daɗe yana murza ido. Da ya ɗago sai ya ga yayansa a bakin ƙofa, 'yar tana riƙe da shi.

"Ni na zaɓa maka ita, Yaya," in ji shi. "Ni na koya maka. Shekara tara ina filin nan, kai wata biyar, da hannu ɗaya da rabi, ka wuce ni sau uku ana tafa maka. Tun muna yara kai ne mai babbar mota. Wannan kaɗai ce tawa."

Ya ce shi bai yi nufin kowa ya ji ciwo ba, so yake ta daki tayoyi kawai, a ce hannun ne, a zaunar da shi a gida. Sufeto ya tambaye shi, in haka ne, me ya sa bai tsaya a kwanar da kansa ba. Kofur ya sa masa ankwa, ya fita da shi ta gefen yayansa, kansa a ƙasa.

'Yar ta fashe da kuka tana roƙon ubanta gafara. Sufeto ya ji daɗin aikinsa, gaskiya, har ya daina kaɗa makulli. Ya ce wa tsohon da an gama shari'a za a mayar masa da motarsa, kuma shi da kansa zai rubuta wa shugaban filin.

"To ba hannuna ba ne," in ji tsohon.

"Ba hannunka ba ne, Baba."

Direban ya bi motar 'yan sanda da kallo har ta sha kwana. Sannan ya ɗaga hannun daman, ya zuba masa ido yana rawarsa.

"Da ma a ce hannun ne," in ji shi.