Ruwan Zafin da Kaka Tanimu Ya Zuba wa Inji

Ku matso. Sagir, ajiye gyaɗar nan, ɓarenka ya ishe ni. Kun sha tambayata me ya sa Kaka Tanimu ba ya naɗe hannun rigarsa na dama a gaban mutane. Yau zan faɗa muku. Wanda ya kai masa, ni da shi ne.

Lokacin yana direba, yana da wata tsohuwar akori-kura mai shan gas. Dankali yake ɗaukowa daga ƙauyukan Bokkos. Sanyin can ba irin namu ba ne, har ƙashi yake shiga. Motar kuwa ta tsani sanyi, da safe sai an yi ta lallashinta kafin ta tashi.

Wata tafiya ya ɗauki ƙaramar 'yarsa, don ta kafe sai ta bi shi. Dare ya yi musu a hanya. Ya tsaya gindin wasu duwatsu, suka kwana cikin mota. Babu gida, babu kowa.

Kafin asuba ya murɗa makulli. Inji ya ce gurr, gurr, ya yi shiru. Ya sake murɗawa. Ƙarfin batir sai raguwa yake. Yarinya na rawar ɗari, haƙoranta na haɗuwa. Hankalinsa ya tashi.

Direbobi suna da dabara. A tafasa ruwa, a kwarara wa inji, man da ya daskare ya saki. Ya kunna risho, ya tafasa tukunya guda, ya buɗe gaban mota ya sheƙa. Don gaggawa bai yi bisimilla ba. Ku kanku kun san ba a zubar da ruwan zafi haka nan. Ruwan ya ratsa inji, ya zuba ƙarƙashin mota.

Sai ƙara. Siririya, irin ta jariri.

Yana ɗagowa ya ga mace tsaye kusa da taya, rungume da abu cikin zane.

"Direba, ka gama?"

Muryarta kamar daga cikin rijiya. Shi bakinsa na fitar da tururi saboda sanyi. Nata ko kaɗan. Ya kalli ƙasa. Dugaduganta ne a gaba, yatsu a baya.

"Ɗana ya shiga ƙarƙashin motarka neman ɗumi," in ji ta. Ta buɗe zanen. Indo, in za ki toshe kunne ki toshe yanzu. Fatar hannun yaron duk ta saluɓe, nama ja a fili.

"Baiwar Allah, wallahi ban gan shi ba."

"Na sani. Da ka ambaci sunan Allah, da ya kauce."

Mari ɗaya ta yi masa. Ya tashi sama ya bugu da dutse, wasu haƙora suka zubo, jini ya cika masa baki. Yana kwance yana kallo, hannunta ya yi ta tsawo, ya fasa gilashi, ya damƙi ƙeyar yarinyar. Ta jawo ta waje, yarinyar na reto, tana kiran Baba.

"Fata zan ɗauka. Tata ta fi laushi."

Kaka ya ja jiki da gwiwa. Ya riƙe gefen zanenta, sanyinsa kamar ƙanƙara.

"Ita ba ta zuba komai ba. Ga hannun da ya zuba. Ki ɗauka."

Matar ta juyo kansa.

"Ba za ka janye ba?"

"Ba zan janye ba."

Motar da ta ƙi tashi, sai ga ta ta tashi da kanta, ba kowa a kan makulli. Inji ya yi ta ruri har ruwan lagireto ya tafasa. Matar ta saki yarinyar, ta cire murfin, ta danna hannunsa a bakin. Tafasasshen ruwa ya yi ta feshi. Ya ciji leɓe har ya huda shi, don kar 'yarsa ta ji ihunsa. Bai janye ba. Ni duk sanda na zo nan sai tausayinsa ya kama ni.

Sannan ta sa farce a gwiwar hannunsa, ta zare fatar kamar mai cire safa. Ta naɗa wa ɗanta. Yaron ya yi shiru, har ya yi hamma.

"Mun rabu," in ji ta. Ta shige tsakanin duwatsu.

Da hannun hagu ya tuƙa har asibiti. Tun daga ranar, komai sanyi, taɓa makulli ɗaya motar ke tashi. Shi kuwa bai sake yarda ya kwana a hanyar nan shi kaɗai ba. Ku ma kar ku kuskura, kuma kar ku zubar da ruwan zafi ba bisimilla.

Me kake cewa, Sagir? Ƙarya nake? To. Gobe in Ummanku ta zauna kitso, ka zagaya bayanta ka duba ƙeyarta. Sawun yatsun yana nan.