Gurbin Yatsu Uku

Tun da malamin lissafi ya yi ritaya ya sayi tsohuwar tarakta a hannun magada, ba wanda bai yi masa dariya ba. Shi kuwa kallon jahilai yake musu. Wanda ya koyar shekara da shekaru, fenti ne zai gagare shi?

Ran nan ya kai dare a rumfa yana shafa mata shuɗi. Har sitiyari bai bari ba, ya bi ta kan wasu gurabe uku da suka lotsa a jikinsa.

Sai kukan gyare ya ɗauke. Warin fenti ya ɓace, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika rumfar.

"Kai ne mai fentin?"

Wani tsoho ne tsaye bayan babbar taya, muryarsa kamar ana jan ƙarfe a kan dutse.

"Ni ne. Baba, wa ya buɗe maka ƙofa?"

Tsohon ya ja tsaki. "Fenti a kan tsatsa, ko gogewa babu! Kwalliya ba wanka. Hannun alli kawai. Shekara talatin ba a taɓa wulaƙanta ta haka ba."

Malam ya yatsine fuska. "Da kuɗina na saya. In mai ita na da magana, ya taso daga kabari ya faɗa."

Tsohon ya fito daga bayan tayar. Ya tako ta cikin fentin da ya zube, bai bar sawu ba, ya ɗora hannu a kan sitiyarin.

Yatsu uku ne a hannun. Kowanne ya zauna daram a gurbinsa.