Man Tsamiyar Bayan Ɗakin Gwaji

Ku matso, ku rage murya. Labarin Nafi'u ne, ɗan ajinmu a jami'a, wanda ko gaisuwar kirki ba ya yi.

Wasu ƙwayoyi yake haɗawa a ɗakin gwaji, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. In an haska su da shuɗiyar fitila sai su yi kore shar. Kowa da sinadari mai guba yake narka su. Shi ya ce da man itace zai yi, don kare muhalli. Dabarar ta yi kyau, amma nasa sun ƙi haske, ga ranar kare bincike ta matso. In ba haske, ba digiri.

A bayan ɗakin akwai tsohuwar tsamiya. Kowa ya sani, sai an yi sallama ake tsinkar ko ganye ɗaya. Nafi'u ya taɓe baki.

"Sallama ga itace? Ƙauyanci!"

Da almuru ya je shi kaɗai, ya kafta wa reshe adda.

"Sannu da aiki, malamin kimiyya."

Wata tsohuwa ce zaune a gindin. Bakinta na motsi, amma daga can saman bishiyar muryar ke saukowa. Ciyawar da ta taka ko lanƙwasa ba ta yi ba.

"Kai ne mai kare muhallin? Da sare rufin gidan mutane?"

Nafi'u ya yar da addar. "Iya, mai nake nema."

"Yanzu na zama iya." Ta yi tsaki, ta miƙo ƙoƙon mai. Sanyi ƙalau. "Ungo. Amma wanda ya shiga gida ba sallama, ba ya faɗin sunan gidan."

Ya kwasa da gudu. Ɗigo ɗaya ya zuba a kwalbar ƙwayoyin, ta kama haske kamar idon mage. Nan take girman kan ya dawo.

Ranar karewa malamai suka yi cirko-cirko. Babbarsu ta gyara tabarau.

"Madalla. Man wace bishiya ce?"

Nafi'u ya buɗe baki. Sunan ya ƙi fitowa. Ya ɗauki alli, hannun ya ƙage. Ya juya zai nuna ta taga, wuyan ya ƙi.

"Binciken da ba a san tushensa ba, ai tatsuniya ce," in ji ta. Ta rufe takardunsa.

Kwalbar tana nan har yau, tana ci ba fitila. Masu shara ba sa shiga.

Don haka in kun je can, kada wanda ya bi bayan ɗakin nan shi kaɗai. In kuwa ta kama dole, bakinku ba zai zube ba don kun ce salamu alaikum.