Ranar da Ƙaho Ya Tsaya a Hannun Wilfrido

A gidan Don Eulalio Cardozo, can bayan garinmu Ybycuí, da hantsi ya ɗaga kowa ya san inda zai nufa: gindin mangwaro, wurin shan tereré, shayinmu mai sanyi. Ƙaho ɗaya ne cike da ganyen yerba, bututun ƙarfe ɗaya, sai butar ruwan ƙanƙara. A zuba a miƙa maka, ka zuƙe ka mayar, a zuba wa na kusa da kai. A wajenmu ko wanda kuke gaba da shi ne ya zauna a da'irar, ba ka tsallake shi.

Amma fa ban da Don Eulalio, wanda taurin kansa ya fi na shanunsa. Tun da Wilfrido ya fara zuwa zance wurin autarsa Liduvina, wadda ake kira Lidu, tsohon ya ƙwace butar daga hannunta, alhali a al'ada ƙarami ke zubawa. Ƙaho ya je wurin matarsa Ña Presentación, ya je wurin Lidu, da ya iso kan saurayin sai ya yi tsalle ya wuce. Bawan Allah ya zauna da busasshen maƙogwaro yana murmushin yaƙe. Kuma ba wanda bai gane karatun ba: wanda aka hana ƙaho, ba za a ba shi 'ya ba.

Laifin yaron aikinsa ne kawai. Yana tare da ƙungiyar masu shanun madara, yana ɗaura wa dabbobi wani abin wuya mai na'ura. Abin yana sauraren tuƙar saniya da tafiyarta da zafin jikinta, ya aika wa wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira, ita kuma ta gaya wa mai shanu a waya, da harshenmu na Guaraní tsantsa, cewa wance ta kusa haihuwa, wance ba ta jin daɗi. Don Eulalio ya ce shi mutumin da sai ya tambayi waya kafin ya san lafiyar saniya, in ya auri 'yarsa, ran da ta yi kuka ma sai ya duba waya ya tabbatar.

Lidu ta sha kuka a madafi har ya isa. Tana murza ƙullun chipa, burodinmu na garin rogo, hawaye na ɗiga, tana cewa ita fa in ba Wilfrido ba sai dai ta tsufa tana tatsar nono a gidan nan. Uwarta ta dungure mata kai.

"Ke dai ki yi haƙuri. Ubanki rogo ne, sai ya daɗe a wuta yake laushi. Ni na san irin itacen da na ƙona kafin ya nuna."

Su biyun suka yi ta lallashi har ya yarda a ɗaura abin wuya ɗaya a kan Morocha, saniyar Lidu mai tsohon ciki. Ya amince da sauri har Ña Presentación ta bi shi da kallo. Ashe da walakin, goro a miya! Wilfrido na juya baya tsohon ya kwance abin, ya ɗaura wa Coronel, tsohon takarkarinsa mai jan amalanke. Daga nan ya bi maƙwabta gida-gida yana ƙunshe dariya, yana gayyatar su ranar Lahadi su zo su ji waya ta ce takarkari zai haihu.

Ranar Lahadi gindin mangwaro ya cika, har da waɗanda ba a gayyata ba. Sai ga Wilfrido a kan babur tun kafin lokacinsa, ko hular kwano bai tsaya cirewa ba. Don Eulalio ya ƙyafta wa jama'a ido, ya gyara zama.

"To, malamin waya, yaushe za mu sha shagalin haihuwa?"

"Baba, abin wuyan ba a jikin Morocha yake ba," in ji Wilfrido cikin ladabi. "Tun ranar farko manhajar ta ce min tafiyar ta sauya, wannan dabba ce tsohuwa mai nauyi. Na yi shiru ne don ban ga amfanin magana ba. Amma tun jiya ta rage tuƙa, zazzaɓi kuma sai hawa yake. Don Allah a nuna min ita."

Dariyar da ake ta tanadi ta maƙale a wuya. Don Eulalio ya ajiye ƙahon a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba. Coronel ba dabba ba ce kawai a wurinsa. Shi ya raine shi da kwalba bayan uwar ta mutu, kuma Coronel ne ya ja amalanke cikin taɓo har asibiti ran da maciji ya sari Lidu tana ƙarama. Da safen nan ya gan shi kwance, ya ce tsufa ne da zafin rana, ya wuce abinsa yana shirin wasan da zai yi.

Suka ruga garke, maƙwabta na biye. Tsohon ya durƙusa ya buɗe idon takarkarin, ya ga cikin idon ya yi fari fat. Ya shafa tsakanin cinyoyi, kaska ta yi dafifi. Cutar nan ce da muke kira tristeza, wadda in aka bari har fitsari ya yi ja, galibi sai dai a haƙa rami. Tsoro ya kama shi sosai.

Wilfrido kuwa tun a hanya ya kira likitar dabbobin ƙungiyarsu. Ba a jima ba ta iso ta yi allura, ta ce da an ƙara kwana ɗaya da sai dai ta'aziyya. Yaron bai ce "na faɗa" ba, bai ko kalli maƙwabtan ba. Ya naɗe hannun riga ya shiga cire kaska ɗaya bayan ɗaya. Kullum da ya tashi aiki sai ya biyo, ya ɗebo ruwa, ya yanko ɗanyar ciyawa, ya zauna yana sosa wa Coronel bayan kunne. Don Eulalio na gefe yana satar kallonsa. Har wata rana Ña Presentación ta kama shi ya karɓi wayar yana tambayar ta a hankali ko tuƙar ta ƙaru, wayar na amsa masa yana gyaɗa kai kamar ɗalibi.

Da Coronel ya miƙe ya fara kiwo da kansa, aka koma gindin mangwaro. Tsohon ya cika ƙaho, ya tsallake matarsa, ya tsallake Lidu, ya miƙa wa Wilfrido.

"Sha, ɗana. Na so in kunyata ka a gaban mutane, kai kuma ka rufa min asiri." Ya jira ya zuƙe, sannan ya ɗora masa butar a cinya. "Riƙe. Kai ne ƙarami cikin mazan gidan nan, daga yau kai za ka riƙa zuba mana."

Lidu ta rufe fuska tana kuka tana dariya lokaci guda, uwarta kuwa ta ce ai dama ta faɗa, rogo ya nuna.

Ranar ɗaurin aure Coronel da abokin jansa suka kai amarya coci, amalanke ta sha furanni, abin wuyan nan na ƙyalli a wuyansa. Yanzu duk shanun gidan suna da nasu, kuma in ka ji Don Eulalio yana bayani a kasuwa, sai ka rantse shi ya ƙera na'urar.

To 'yan'uwana matasa, kun dai gani. Sabon abu ba ya zuwa don ya ƙwace wa tsoho idonsa, yana zuwa ne ya tsaya masa gadi inda ido ya gaza. Kuma da Wilfrido ya rama tun ranar farko, da ya ci gardama ya rasa mata. Haƙuri ne ya kawo masa ƙaho har hannu.