Yadda Yake Magana

"Ke kuma me ya kawo ki? Nan wurin 'yan uwa ne."

Auta ta tsaya a bakin ƙofar ajin, ta kasa ɗaga kai. Mahaifiyar saurayinta mai gyaran rediyo ce ta yi maganar. 'Yar ƙanwarta da ke gefe, wadda ta daɗe tana son sa, ta taɓe baki.

"Ai na faɗa miki, Mama. Da bai fita zuwa wurinta ba, da yana nan."

Auta ba ta musa ba. A hanyar gidan su Auta wata mota marar lamba ta ɗauke shi, ana saura kaɗan aurensu, kuma har yau babu ofishin da ya ce ya san shi. Iyalan da aka yi wa irin haka suka haɗa kai, suna taruwa a wannan tsohon ajin kowa da hoton nasa, su raba kansu, wasu asibiti, wasu gidan yari. Yayan Auta ya yi faɗa har ya gaji, ba ta fasa zuwa ba.

"A bar ta," in ji tsohuwar ungozomar da ke jagorantar taron. "Duk wanda ya zo nema namu ne."

Auta ta lallaɓa ta zauna a bencin baya.

Ranar sun yi baƙo, wani direba da aka ɗauke shi ma aka sako, ya rame har wuyan rigarsa na zamewa. Mata suka yi masa caa da hotuna.

"Ku yi haƙuri, ku mayar," ya ce. "Idanunmu a ɗaure suke tun shiga har fita, suna kuma an hana faɗa. Murya kawai na sani. Kowa ya yi min yadda nasa yake magana."

Wani dattijo ya kwaikwayi tarin ɗansa. Direba ya girgiza kai.

"Nawa minshari yake kamar injin niƙa," in ji wata mata.

"Uwata, ai duk ɗakin masu niƙa ne," in ji direba.

Aka yi dariya, matar ma ta yi, har dariyar ta koma kuka.

Da aka zo kan Mama, ta buɗe baki ta rufe.

"Shi... ba ya magana a gida. Daga ina kwana sai sai da safe."

Ta kalli 'yar ƙanwarta, ita kuwa ta sunkuyar da kai. A hankali Mama ta waiwaya baya.

"Ke... da ke yake hira."

Auta ta miƙe. Ita da ko a gidansu sai an matso ake jin muryarta. Ta runtse ido, ta kaurara murya, ta ja maganar yadda yake ja idan yana tsokanarta.

"To, sarauniyar shiru... yau ma ni kaɗai zan yi hirar?"

Direba ya dafa bango.

"Sake."

Ta sake, hawaye na shiga bakinta.

"Kusa da ni yake kwana," ya ce. "Duk sanda ɗaki ya yi tsit haka yake ce mana. Kullum labarinsa na wata yarinya ne da ba ta taɓa kallon idonsa ba."

"Yana ina?" Mama ta tambaya.

Direba ya matso kusa da ita.

"Zazzaɓi ne, Mama. Kansa a cinyata yake. Allah ya ji ƙansa."

Ajin ya ɗauki salati. Auta ta ji kamar daga nesa muryarta ke fitowa.

"Bai bar min saƙo ba?"

"Ƙanwata, bai san tafiya zai yi ba. Tambayata yake wane fenti zai yi wa ɗakinku, wai kin ƙi faɗa masa wanda kike so."

Ta zame ta zauna. Shuɗi take so. Kunya ce ta hana ta faɗa, tana cewa akwai lokaci.

Ba ta ji tahowar Mama ba sai da bencin ya motsa. Tsohuwar ta zauna, ta kamo hannunta ta riƙe gam.

"'Yata... ƙara yi min. Ni na haife shi, amma ban taɓa jin sa haka ba."

Auta ta goge fuska, ta ɗago ta kalle ta cikin ido, ta fara.