Saura Ɗaya

"Ashirin da biyar?! Mbah, don girman Allah a sake ƙirgawa..."

Ningrum ke roƙo, amma kakanta Mbah Kasno ko ɗago kai bai yi ba. Ƙwayoyin masara ne zube a gabansa kan tabarmar baranda, da su yake lissafin aure tun kafin a haifi uwarta.

"Ke da kike koyar da lissafi a makaranta sai na maimaita miki? Talata aka haife ki, lambarta uku. A ranakun kasuwarmu biyar kuma, taki Wage ce, huɗu. Bakwai ke nan. Yaron nan kuwa Asabar, ranar kasuwarsa Pahing, tara da tara. A haɗa, a kwashe takwas-takwas, me ya saura?"

"Ɗaya," ta faɗa can ƙasan maƙoshi.

"Ɗaya kuwa rabuwa ce."

Saurayinta Prasojo na durƙushe a gefe, shayin da aka zuba masa har ya huce. Shekara huɗu bawan Allahn nan yana ɗauko ta a babur daga makaranta, ruwa da rana.

"Mbah, ni ko wace rana aka haife ta, ina son ta..."

"Ubanta ma haka ya ce, a kan tabarmar nan. Na ga ɗaya da idona, na kau da kai saboda kukan 'yata. Kafin yarinyar nan ta iya tafiya ya tsallake ya bar su. Ba zan yi sau biyu ba."

Ningrum ta miƙe ta shige ciki. Tsohon nan shi ya raine ta, shi ne ubanta, wallahi ba za ta iya aure babu albarkarsa ba. Barin Prasojo kuwa, ko tunaninsa ba ta iya yi.

A madafa ta tarar da Innarta tana suyar rogo, ido jawur.

"Inna, da wane lokaci kika haife ni?"

"Da yamma lis..."

"Kafin magariba ko bayanta?"

Inna ta tsaya cak da cokali a hannu. A lissafinsu ai da faɗuwar rana ake shiga sabuwar rana!

"Ana kiran sallah ina naƙuda... sai da aka idar na ji kukanki. Ungozoma ce ta rubuta Talata, ita da kalandar bango take aiki."

Da gudu Ningrum ta fito, har tana tuntuɓe da dokin ƙofa.

"Mas Prasojo! Ni ba 'yar Talata ba ce! Mbah, Laraba ce, tambayi Inna!"

Prasojo ya saki dariya, hawaye na zubo masa. "Na faɗa miki, masoyiyata! Wannan rigimar taki ta fi ƙarfin Talata."

Shi kansa tsohon da sauri ya share bakwai ɗin nan gefe, don ba ƙin yaron yake ba. "Allah Ya sa, jikata, Allah Ya sa. Laraba, bakwai. Bayan Wage sai Kliwon, takwas..."

Ai kafin ya gama jera ƙwayoyin, kan malamar lissafi ya riga shi. Sha biyar da sha takwas, talatin da uku. Takwas sau huɗu, talatin da biyu.

Ta riƙe hannun kakanta gam.

"Mbah, bari... don Allah kar ka kwashe."

"Ya canza ko?" Prasojo ya tambaya, har yanzu da murmushinsa. "Ningrum, nawa ya bayar?"

Tsohon ya zare hannunsa a hankali, ya yi kashi ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ƙwaya guda ta rage a tsakiyar tabarma. Ya daɗe yana kallonta, sai ga hawaye a gemunsa.

"Ku yafe mini, 'ya'yan nan. Ta ko'ina na biyo, nan take kawo ni."

Prasojo ya ɗauki ƙwayar ya jefa a aljihun rigarsa. Ya sumbaci hannun tsohon, ya sauka daga baranda, ya kama babur ɗinsa yana turawa, ko tayar da shi bai yi ba.

"Mas..." Ningrum ta kira shi, kuka ya ci ƙarfinta. "Ba ka sha shayinka ba!"

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba.

"Gobe wa zai ɗauko ki daga makaranta?"